Imel na Aro

Ɗan sandan ya turo masa takardun. "Wannan imel naka ne?"

Nasa ne. Sammaci ne ya iske shi a gona, ya hawo babur daga Fakku zuwa Tambuwal. Daga imel ɗin aka aika wa wani ɗan kasuwa barazanar sace shi. Kotu ta nema, kamfanin imel ɗin ya miƙa komai.

Ga komai ɗin a kan tebur: takardar neman aikin ƙanensa, rajistar takin maƙwabta, har sakamakon asibitin matar liman da ya rantse ba mai gani.

Shi kaɗai ke da imel a unguwarsu, kyauta ya buɗe shi. Mutumin da bai taɓa hana aron jakinsa ba, yaya zai hana abin da bai saya ba?

"Wallahi ba ni na aika ba."

"To, wa da wa sunka san lambar sirrin?"

Ya tuna bangon zaurensa, inda ya rubuta ta da gawayi don kada mabuƙaci ya zo ba ya nan.

"Ranka shi daɗe, duk mai iya karatu."