Ƙofar Mai Aski

Tun da aka fara kafa ƙofa a duniya ba a taɓa wulaƙanta wata kamar ƙofar mai aski ba. Ta katako ce mai shuɗin fenti, da mariƙi mai ƙyalli da yake gogewa kowace safiya. Yau tana jingine da bango, ta rabe gida biyu, kuma har yanzu babu wanda ya ce mata sannu. Masu ibada ne suka yi wannan aika-aika, da rana tsaka, da fasto a gaba.

Ikilisiyarsu tana da ƙa'ida. In aka kaɗa ƙararrawa da sauri, lokacin sujada ne. In kuwa aka buga ta ɗaya-ɗaya, ana jira amon ya mutu kafin a ƙara, to wani nasu ya rasu. Kowa zai ajiye aikinsa ya taho, wanda ya buga kuma zai tsaya a gindin igiya ya faɗi sunan mamacin.

Ranar Talata da hantsi ƙararrawa ta buga ɗaya-ɗaya.

Tela ya bar riga ƙarƙashin allura. Mai shayi ya bar ruwa a wuta. Matan zumunta suka iso suna ɗaura ɗankwali a hanya. Amma a gindin igiya babu kowa, igiyar ce kaɗai ke lilo. Mai gadi ya rantse yana can baya yana ba shuke-shuke ruwa. Ya kama igiyar, ya shinshina tafinsa, ya ce ƙanshin turare take yi. Aka ce masa ya ji kunya, ana maganar mutuwa yana maganar turare.

Fasto ya ce a duba wanda ba ya nan. Aka shiga kallon juna, aka shiga buga waya. Tsohuwar da kowa ya fara tunawa ta ɗauka da kanta, ta ce ta gode da fatan alheri, tana nan daram. Duk wanda aka kira sai ya amsa, kuma duk amsar da aka samu sai fuskar shugabar mawaƙa ta ƙara sauyawa.

"Wa ya ga Auta?" ta tambaya a hankali.

Auta shi ne mai aski, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya. Dogo ne, kyakkyawa, mai tsafta, mai muryar da ba a samun irinta sau biyu a ƙarni ɗaya. Ita ce ta cire shi daga sahun gaba na mawaƙa a gaban jama'a, wai muryarsa tana danne ta kowa, kuma hanyarta daban da ta waƙar. Ya naɗe rigar mawaƙa ya ajiye mata, ya fita. Bai sake taka coci ba, ita kuma ta ce a ƙyale shi zai huce. Makonni suka shuɗe ba su gaisa ba. Fasto yana ta wa'azi cewa an kafa ikilisiya ne don kada wani ya yi ciwo shi kaɗai, ana ta cewa amin, amma babu wanda ya ƙwanƙwasa shuɗiyar ƙofar nan.

Tela ya ce tun jiya shagon aski a rufe yake. Aka kira wayarsa, a kashe. Wani dattijo ya ce ƙila maƙwabci ne ya gani, ya zo ya buga, ya koma.

Shugabar mawaƙa ba ta jira ya gama ba. Takalminta ɗaya ya fita a bakin coci, ba ta waiwaya ba. Fasto na bin ta yana tuna mata hawan jininta, jama'a na biye da su.

Ƙofar a kulle take ta ciki. Ta buga, ta kira sunansa, shiru. Ta leƙa ta taga, sai ga dogon mutum miƙe a gado, an lulluɓe har kai, takalmansa a watse a tsakar ɗaki, shi da ko tsinke ba ya bari a ƙasa. Dattawa biyu suka haɗa kafaɗa, a karo na uku ƙofar ta tsage.

Ɗakin ya cika da mutane da ƙanshin turarensa. Ta durƙusa a bakin gado, ta kasa ɗaga mayafin. A bayanta mata suka fara jero alherinsa cikin kuka: yadda yake bin tsofaffi gida-gida yana musu aski kyauta, yadda yake ɗaukar marasa ƙarfi a babur zuwa sujada. Wata ta ce muryar dai sai haƙuri, amma zuciyar zinariya ce. Mayafin ya ɗan motsa, ba wanda ya lura.

"Auta, ni ce Yaya," ta ce. "Tashi ka yi mini rashin kunyar da ka saba. Ka dawo sahun gaba ka ɓata waƙar duka, ni zan riƙe maka littafi."

Mamaci ya yaye mayafi ya ce ya amince.

Rabin jama'a suka fita a guje, suka bi ta kan ƙofar suka ƙarasa ta. Yaya ta kai masa duka, ta rungume shi, ta sake kai masa duka. Ta taɓa goshinsa, gumi sharkaf, ƙirjinsa na hawa da sauka, tafukan hannunsa ja wur kamar an goge fatar. Ta ce zazzaɓi ne mai zafi, kuma ba ta bar ɗakin ba sai da ya ci abinci a gabanta. Fasto ya tsaya inda ƙofa take a da, ya ce kunyar tasu ce duka, tunda sai da ƙararrawar mutuwa suka nemi ɗan'uwansu. Dattawa kuwa suka ɗauri aniyar gano wanda ya yi wasa da igiya, su hore shi.

Ranar Lahadi mai aski ya tsaya a sahun gaba, Yaya na riƙe da littafi, yana ƙawata waƙa yadda ya saba. Zancen ƙofa dai har yau ba a ce komai ba. Ni kuwa da na san dattawan coci haka suke da ƙarfin kafaɗa, da a buɗe na bar ƙofar tawa lokacin da na dawo a guje daga gindin igiyar.