Yatsan Mai Ɗinkin Hula

Zauna tukuna, ɗan'uwa, ka bar bandejin nan ya huta. Tun ɗazu nake ganinka kana ɗaga gefensa kana leƙe, sai ka ce mai dafa wake. Bari in ba ka wani misali.

An yi wani mai ɗinkin hula a wani gari mai tsohon filin makaranta, inda ake wasan kurket tun zamanin iyayenmu. Ka san wasan ai: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya make ta da faffaɗan katako, sauran su bazu a fili suna jiran cafewa da hannu tsirara. Ƙwallon kuwa ja ce, ta fata, ga tauri kamar goruba. Mutumin namu cikin masu cafewa yake, kuma Allah ya ba shi yatsu: sauran ranaku suna bin allura, ranar Asabar suna bin ƙwallo. Da damina, in ciyawa ta yi kore shar 'yan wasa suka fito cikin fararen kaya, daga nesa sai ka rantse balbelu ne suka sauka. Yakan ce in ƙwallo ta lula sama, duniya takan yi masa tsit, ba ya ganin komai sai ita tana saukowa a hankali, tana juyi, tana nemansa. To wata Asabar ta sauko, ba a tafin hannu ba, a kan yatsansa manuni na dama. Gaɓar ƙarshe ta langaɓe, ya yi ya yi ta miƙe ta ƙi. Abokai suka rufe shi, wannan ya ce a fizge ta ta koma, wancan ya ce a gasa da ruwan zafi. Halinmu ke nan, kowa likita ne a jikin wani! Alhali 'yan kurket sun san ciwukansu: kafaɗar mai jifa da bayansa, cinyar mai gudu, idon sawun da ya gurɗe. Sabon ciwo hutu yake so, da ƙanƙara cikin tsumma, da ɗauri, a ɗaga wurin sama. Gashi da ruwan zafi kuwa sai bayan kumburi ya sauka. Allah ya taimake shi ya ƙwace hannunsa ya tafi asibiti. Wata likita ta ɗauki hoton yatsan, ta ce ƙashi lafiya, jijiyar da ke ɗaga kan yatsan ce ta tsinke. Ta ɗaure shi a miƙe da ɗan madauri, ta ce: "Wata biyu, dare da rana. Ko alwala za ka yi, ka shafa a kai. In ka bari kan yatsan ya faɗi sau ɗaya, abin da ya fara haɗewa ya rabu, sai mu koma farko."

Sai zama. Allura ba ta riƙuwa, ƙwallo ba ta cafuwa. Yakan kishingiɗa a bakin shago da la'asar yana kallon hular da ya bari rabi, zaren na lilo a iska, har gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ya ga kansa a fili, ciyawa ta kai masa gwiwa, gajimare sun yi ƙasa-ƙasa, jar ƙwallo tana saukowa da dogon zare a bayanta, shi kuma yana miƙa hannu yana ɗinke sama da ita. Ya farka ya tarar da yatsa a ɗaure, ya yi tsaki. Wallahi abin da tausayi, mutum da hannunsa ya zama ɗan kallo. Ana haka aka sa ranar wasa da garin maƙwabta, wasan da ake jira shekara guda, ga kuma Sallah na biye, masu hula sun fara zarya. Zafin ya daina, kumburin ya sace, saura ƙiris wa'adin likita ya cika. Zuciya ta ce masa, ai ya warke, duba kawai za ka yi, wa zai sani? Ya warware. Yatsa ya tsaya a miƙe, fari tas, gwanin sha'awa. Ya yi murmushi, ya ɗauki allura don ya ji ɗanɗanon sana'a, ya lanƙwasa gaɓar sau ɗaya tak. Da ya sake ta, ba ta dawo ba. Da ya koma asibiti, likitar ba ta yi masa faɗa ba, ta dai mayar da madaurin ta ce a fara daga farko, kuma wannan karon ba ta yi alkawarin zai miƙe sarai ba. Ranar wasa yana gindin darbejiya a bakin fili, ƙwallo ta yi sama ta sauka a hannun wani. Sallah ta zo ta wuce, hulunansa a hannun wasu maɗinka suka ƙare. Ya warke daga baya, amma da ɗan karkata a kan yatsan, kuma duk sanda ya zura zare a allura sai ya tuna la'asar ɗin nan.

Don haka mayar da bandejinka yadda aka ɗaura maka, ka ɗora ƙafar a kan kujerar nan. Filin wasanku ba inda za shi. Ka ga dai, Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce: sauri ya haifi nawa.