Sukarin 'Yan Gayya

Motar albasa ce ta kwaso su daga Mandera, Sodangi na rungume da mahaifinsa a baya. Tsohon sai zufa yake, haƙora na kaɗawa, zuciya na dukan ƙirji kamar za ta fasa shi. Kaltume, matar Sodangi, ta danne masa ƙafafu.

A ɗakin shan magani na Bodinga, malamin asibiti ya buɗe idon tsohon, ya taɓa wuyansa, ya ɗago.

"Ƙwayar hana gajiya ce, irin ta lebura. Kuma ba ɗaya yas sha ba, ba biyar ba. Wa yab ba shi?"

"Baba ko goro bai ci," in ji Sodangi. "Wanda duk yay yi mai wannan, wallahi sai na ga bayanshi."

"Mi yac ci yau?"

"Hura ɗai, da sukari," Kaltume ta amsa.

Sodangi ya juyo a hankali. Tun da tsadar rayuwa ta Ostariti ta shigo rabon gidansu da sukari.

"Wane sukari?"

"Ƙullin da kab ba ni da sahe, kac ce in zuba ma 'yan gayya. Ina baƙi za su sha daɗi, Baba na shan tsami? Sai nij juye mai shi duka."

Sodangi ya dafe kai. Shi da hannunsa ya daka ƙwaya ashirin cikin sukarin nan, don a gama masa noma kafin la'asar.

"Ya shanye tas," Kaltume ta ce, "yana ta sa maka albarka."