Fatar Maraƙin Bilen

Tun ranar da maciji ya sari maraƙinta, saniyar nan Bilen ta ƙi kallon ciyawa. Ta kafe a bakin garke tana kuka, hantsa ta cika har tana ɗiga, amma duk wanda ya matso da ƙwarya sai ya sha harbi. Yaran birni da aka kawo hutun damina a gonar nan ta bayan garin Banfora, don su koyi tatsa da shuka da kwana a tanti, suka yi cirko-cirko suna kallo.

Tenin mai dafa wa sansanin yaran abinci tana ƙofar kicin lokacin da mijinta Siaka, mai kula da dabbobin, wanda yara ke kira Tonton, wato kawu, ya feɗe mataccen maraƙin. Ya ɗaura fatar a bayan wani maraƙi maraya da ya samo a rugar Fulani, ya tura shi gaban saniyar. Bilen ta shinshina, ta ja baya, ta sake shinshinawa. Can sai ta fara lasarsa, maraƙin ya kama nono.

"Tonton Siaka, ai ƙarya aka yi mata!" in ji wata 'yar birnin Waga mai tabarau, wadda bakinta ba ya hutawa.

"Ƙarya ce, 'yata," Siaka ya ce. "Amma ga shi tana cin ciyawa."

Tenin ba ta tsaya jin sauran ba. A cikin yaran nan kaf idonta na kan riga ɗaya ne, shuɗiya mai aljihu a ƙirji, wadda ta ɗinka da hannunta.

"Madou! Zo ka karɓi ƙanzo!"

Sai da ta kira, ta sake kira, kafin yaron ya waiwayo. Yaran yanzu ke nan, in wasa ya ɗauke su har sunansu mantawa suke yi.

Tun ranar da aka buɗe sansanin yake manne da ita. Ranar ce ya faɗa kududdufin agwagi, Siaka ya canza masa kaya, ya riƙo hannunsa har kicin yana rawar sanyi, ya ce a ba shi wani abu mai zafi. Ludayi ya suɓuce daga hannun Tenin. Ta ɗauka, ta wanke, ta zuba wa yaron kunu, ta zauna tana kallonsa har ya shanye.

Daga nan kullum da yamma sai ta wanke rigar, ta shanya ta kusa da murhu, da safe ta sa masa, ta gyara kafaɗun da suka ɗan yi masa yawa. Da ya ce ba ya son miyar kuɓewa, ta yi dariya ta ce, "Tun yaushe?" Ta tashi ta yi masa ta gyaɗa. Dokar Madam Sanou, shugabar sansanin, ita ce kowane yaro ya kwana a tanti, don haka Tenin kan raka shi har ƙofa ta dawo.

Ita ma Madam ɗin ta lura. Ta ɗanɗana miya wata rana ta ce, "Tenin, hannunki ya dawo. Bara kam lami muka sha, ba wanda ya iya faɗa miki."

To, hutu ba ya dawwama. Ranar Asabar motar birnin Bobo za ta zo ta kwashe yara, har da shi. Tun tsakiyar mako Tenin ta daina taɓa abinci. Ta sami Siaka a garke yana tufka igiya.

"Ka bar min yaron nan."

"Makaranta za a koma, Tenin."

"A Banfora babu makaranta ne? Kai ba ka da baki ne, sai a gaban shanu?"

Siaka bai ɗago ba. Mutum ne da ya san maganin kowace dabba a gonar nan, amma ranar ya kasa tufkar, har igiyar ta warware.

Da safiyar Asabar ya tara yara don su ga ƙarshen aikin. Fatar ta bushe, ta fara wari. Ya kwance ta, ya jefar gefe, maraƙin ya tsaya da ainihin launinsa. Bilen ta shinshina shi sama da ƙasa, sannan ta buɗe masa ƙafa. Yara suka ɓarke da tafi. Tenin ta ƙura wa maraƙin ido. Ashe ana cire fata, abin ya zauna! Ta kwance zanen girki, ta nufi ƙofar gona da sauri, ta ƙudura ko da durƙuso ne sai ta roƙa a bar mata shi.

Motar ta riga ta iso, iyaye na ta rungumar 'ya'yansu. Ta duba ko'ina ba ta ga shuɗiyar riga ba. Sai ga yaron ya taho cikin wata fara mai zanen ƙwallo, da wani abu a ninke a hannunsa.

"Tanti Tenin, Mama ta ce in mayar miki, in ce na gode."

"Arsène! Yi sauri mana!" wata mata ta kira daga tagar mota. Kira ɗaya, ya juya a guje.

Tenin ta tsaya har ƙarar motar ta ɓace. Ta ɗaga rigar ta kai hanci, ta ja numfashi, ta sake ja. Sabulu kawai ta ji, da gumin ɗan mutane. Nan ne ta zube tana kuka irin na Bilen. Shekara guda ta ƙi wanke rigar nan don kada ƙamshin mai ita ya fita, tun daminar bara da suka binne ɗansu Madou, har ranar da Siaka ya ciro ta daga ƙasan akwati ya sa wa yaron da ya faɗa ruwa.