Gawa Ma a Cikin Ƙidaya Take

Tun da Daular Gabas da Daular Yamma suka kawo rigimarsu ta wa ya fi wani zuwa sararin samaniyar garin Marke, doka ɗaya tak suka haɗu a kanta: duk taron da ya wuce mutum biyar, sojojin abokin gaba ne. Jiragensu marasa matuƙi kullum suna shawagi, suna ƙirga kawuna.

Da hantsi Inna Kulu ungozoma ta cika. Babban ɗanta Tanimu ya zaɓi masu kai ta makwanci: shi, ƙannensa uku, da Liman Haladu. Matar da ta yanke wa rabin garin cibiya, ga shi jama'a sai leƙe suke ta ƙofa.

Sun ɗaga makara ke nan, Liman ya riƙe hannun Tanimu.

"Tanimu, sai haƙuri. Mun zama shida."

"Shida kamar yaya, Malam?"

"Gawa ma ƙirga ta suke yi. Haka aka yi a gidan Sallau makon jiya, jirgi ya sakar musu wuta, sai da aka haƙa kabari shida."

Tanimu ya dubi ƙannensa, kowa ya sunkuyar da kai. Ya zare kafaɗarsa daga makarar, ya ba Liman wurinsa. Yana tsaye a bakin zaure aka tafi da uwarsa.

Sai ya ɗaga kai sama.

"Allah ya isa! Shekara saba'in da tara tana garin nan, ba asibiti, ba famfo, ba wanda ya taɓa lissafa ta cikin mutane. Sai yau da ta mutu!"