Hular da Babu Auduga

Ina aji shida a firamare a Kakuri, malaminmu na Turanci ya rubuta "lay off" a allo. Shi ba ya ɗauko misali daga littafi, a jikinmu yake nema. Ya ce idan mutum ya takura maka, haka za ka ce masa don ya ƙyale ka. Idan kamfani ya sallami ma'aikata ma, haka ake faɗa. Sai ya nuna ni da bulala.

"Kai, tashi. Ce: My father was laid off."

Na ce, "Malam, Babana yana masaƙa. Ko yau da safe ya fita."

Ya tuntsire da dariya, don layinmu ɗaya da shi. "Wace masaƙa? Tun kafin Kirsimeti suka kore shi. Je ka bakin gada, za ka gan shi zaune da kwanon abincinsa. Maimaita!"

Na maimaita, ya ce bai ji ba. Na ɗaga murya har 'yan wani aji suka leƙo ta taga. Har yau ban yafe masa wannan dariyar ba.

Da la'asar Baba ya dawo. Ya tsaya bakin ƙofa yana kaɗe hularsa kamar kullum, don kada ya shigo mana da audugar masaƙa. Ranar na duba hular da kyau, babu ko zare a jikinta.

Na karɓi kwanon na ce, "Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa. Me aka koya muku yau?"

Na ce, "Lissafi."