Wanda Ya Kai Ƙarar Sarkin Fenti

Ƙaton kwaɗo ma'aikatan hukuma suka danna wa ƙofar garejin, suka manna takarda, suka yi tafiyarsu. Sarkin Fenti ya tsaya da bindigar feshi a hannu, motocin mutane suna kulle a ciki, ɗaya ma rabin jikinta ne kawai ya sha shuɗi.

Sabuwar doka ce ta fito. Duk mai fentin mota sai ya gina ɗakin feshi na musamman, ya sa fankar da ke zuƙe tururin fenti, ya riƙa sa takunkumi, kuma likita ya duba ƙirjinsa. Wanda bai yi ba, a rufe shi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne lambar wayar da aka baza wa jama'a: ka kira ka kai ƙarar mutum, ba mai jin sunanka.

Kowa a layin nan a fili yake feshinsa, amma shi kaɗai aka tsinta. Ruwa ai ba ya tsami banza.

"Dogo ne," ya ce wa matarsa, yana ci yana tari. Dogo shi ne mai fentin tsallaken titi, a hannun Sarkin Fenti ya koyi sana'ar. "Ya ga masu motoci sun fi zuwa wurina, shi ne ya bi ta bayan fage. Butulu!"

"Allah ya kyauta," in ji ta. Ta miƙa masa ruwa, ta ɗauke tsumman da ya goge baki da shi. "Ka je a duba ƙirjin mana, Baban yara, ko ka rage sharaɗi ɗaya."

"Ƙirjina ne ya rufe garejin? Ke dai ki bar ni da abin da ya dame ni."

Ya yi ta zarya a ofishin hukumar har takalminsa ya gaji. Wannan tebur ya tura shi wancan. Mai sa hannu ya tafi taro. Wanda zai zo ya auna wurin kuma motarsa ta lalace, wai a dawo wani makon. Masu motoci suna ta kira, mai shuɗiyar ma har da zagi. Kai, abin ya ishe shi!

Da ya ga wankin hula zai kai shi dare, sai ya karɓo aron injin feshi, ya kafa rumfa a bayan gidansa, ya lulluɓe ta da tamfol ta ko'ina don kada wari ya fita. Ƙofofin mota ake kawo masa a ɓoye, ya fesa, a zo a ɗauka. In ya fito daga rumfar, idanu jawur, sai ya dafa bango kafin numfashi ya dawo. Amma dai aiki yana tafiya.

Ba a jima ba sai ga farar motar hukuma a ƙofar gida. Ko tambaya ba su yi ba, kai tsaye suka nufi rumfar.

"Wa ya gaya muku?" ya daka musu tsawa.

"Baba, yi haƙuri," in ji babbansu. "Doka ta hana mu faɗa."

Suka kwashe injin da gwangwanayen fenti. Wani ƙaramin inji da ya ɓoye a bayan tankin ruwa ne kawai ya tsira, da shi zai ci gaba gobe, ko ana ha-maza ha-mata. Amma yau sai ya ga Dogo, a yi wadda za a yi.

Ya fita a fusace, ya kai bakin titi, sai ya tuna makullin babur yana kan taga. Ya juyo. Yana miƙa hannu sai ya ji muryar matarsa a cikin ɗaki, ƙasa-ƙasa, tana waya.

"Yallaɓai, ni ce dai wadda ta kira ku tun farko. Don Allah ku dawo, akwai wani injin a bayan tankin ruwa. Jini yake tofarwa, kuma ni ba ya jin maganata."